Allurar da Na Yi wa Mijin Ƙanwata

Ku da kuke zuwa koyon aiki yanzu, ina kallonku. Mutum ya yi kwana uku da riƙe sirinji, ya soka wa lemo allura sau goma, sai ka gan shi yana tafiya da farar riga a buɗe yana jiran a ce masa dokta. Ranar nan na ji ɗayanku yana cewa aikin allura ko akuya aka koya wa za ta iya. Na haura shekara talatin ina wannan aiki a nan unguwar Kabalaye, kuma soka allurar ba ta taɓa hana ni sukuni ba. Abin da ke ba da wuya yana zuwa ne kafin ka fasa kwalbar, musamman in namiji ne ya shigo yana sosa ƙeya, yana neman abin da bakinsa ya kasa faɗa.

Sunana Sale. Kakana ya taso daga ƙasar Haɗejiya da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Nan aka binne shi, nan aka haifi babanmu, nan aka haife mu. A gida Hausa muke yi, a titi Larabci, a makaranta Faransanci. Bakin nan uku ne suka sama mini aiki a farkon shekarun casa'in, wurin wani tsohon infirmiye ɗan kudu, wato ma'aikacin jinya, wanda ya bar babban asibiti ya buɗe ɗan wurin jinya mai ɗaki biyu a unguwarmu. Kowa Majo yake ce masa, sunan muƙaminsa na da. Fataken Nijeriya suna yawan zuwa wurinsa, shi kuma bai jin Hausa, sai ya ɗauke ni in riƙa fassara, in kuma koyi aiki.

Wata shida na farko ban soki kowa ba. Aikina dafa kayan aiki. Sirinjin lokacin na gilashi ne, a kwance shi, a wanke, a jera a wani dogon gwangwani mai murfi, a ɗora a kan risho ya tafasa sosai. Allurai kuwa ba a yar da su. Majo ya koya mini in ja bakin kowace a jikin auduga. In ta kama zare, bakinta ya tanƙware ke nan, sai a wasa ta a dutse. Akwai ɗan ƙaramin zarto da ake kankare wuyan kwalbar magani da shi kafin a ɓalle. Ran da na ɓalle ta farko ba tare da na naɗe yatsana da auduga ba, gilashi ya tsaga mini babban yatsa. Majo ya dube ni, ya miƙo mini auduga, ya ce in share jinina daga teburinsa tukuna. Sai da cutar sida, wato ƙanjamau, ta tsorata kowa sannan sirinjin roba na yi-ka-yar ya zama gama-gari, muka huta da risho.

Allurar da ta fi kowace bambanta a hannu ita ce ta sinadarin maza, wanda likitoci ke kira testosteron. Maraina ne ke yin sa a jikin namiji, shi ne mai kawo gemu da kaurin murya da ƙarfin dantse da sha'awa. Na kwalba cikin mai yake, kauri gare shi kamar man gyaɗa. Sai ka murza kwalbar a tafin hannu ta ɗan yi ɗumi, ka zuƙe da allura mai faɗin baki, ka canza wata. Ka raba ɗuwawu gida huɗu a idonka, ka zaɓi na sama ta waje, nesa da babbar jijiya. Ka soka da zurfi, ka ɗan jawo baya ka ga ko jini zai biyo, sannan ka tura a hankali. Wanda ya yi gaggawa zai bar wa mutum dunƙule da zai hana shi zama mako guda.

To amma kafin a kai nan, sai an san me ke damun mutumin, kuma Bahaushe ba ya faɗa. Zai ce basir ne. Zai ce sanyi ne ya kama masa mara. Zai ce gajiya ce kawai. Wanda kunya ta fi yi wa yawa sai ya ƙirƙiro aboki. Na tuna wani mahauci, ƙato, da ya zauna ya yi ta ba mu labarin wani abokinsa, har da yadda matar abokin take juya masa baya. Ina fassarawa, Majo yana kaɗa kai. Da ya gama, Majo ya ce in gaya masa: "To, tunda abokin bai samu zuwa ba, hau gado mu auna ka a madadinsa." Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya hau. Ciwon suga muka samu.

Majo yana da tambayoyi, kuma ba ya tsallake ko ɗaya, ko da layi ya kai bakin titi. Sau nawa kake aske gemu yanzu, sau nawa da? Sha'awar ce ta tafi, ko tana nan jikin ne ba ya amsawa? Ƙishirwa fa, da yawan fitsari? Wane magani kake sha? Ka yi hangum bayan ka balaga, har maraina suka kumbura? Yawancin waɗanda suka zo neman allurar maza ba ita suke bukata ba. Wani suga ne, wani maganin hawan jini ne bai karɓe shi ba, wani tumbi ne ya yi masa yawa, wani kuwa kayansa ne aka riƙe a kwastan, tunani ya cinye shi. Irin waɗannan sai mu tura su wurin likita, ko mu ce su rage shayi mai sukari, su riƙa taka ƙasa da ƙafa. Da yawa sukan fita suna guna-guni, su a ganinsu wanda bai soke ka ba bai yi maka aiki ba.

Tambayar ƙarshe ita ce wadda Majo ya fi ɗaga murya a kanta: "Kana neman haihuwa?" Ya zaunar da ni ya bayyana mini dalili tun shekarata ta farko. In jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje, sai maraina su daina aiki, kamar matar da maƙwabta ke aiko wa tuwo kullum har ta daina hura wuta. Su daina yin sinadarin, su kuma daina yin ƙwayoyin haihuwa. Mutum zai ji ƙarfi, zai ji sha'awa, zai ɗauka ya warke, alhali maniyyinsa ya zama ruwa kawai. Saboda haka mai neman ɗa ba a yi masa wannan allura. Akwai wata hanya daban da ƙwararren likita ke bi da irinsu. Majo ya sa na maimaita masa wannan da Faransanci, da Larabci, da Hausar da ba ya ji.

Kada ku ɗauka allurar ba ta da amfani. Akwai wani masunci daga unguwar Walia, ya kai shekara talatin, fuskarsa sumul ba gashi, muryarsa siririya, ƙirjinsa ya ɗan tasa kamar na budurwa. Ko taru ba ya iya ja sai ya huta. Likita ya ce a auna jininsa. Lokacin ba a yin wannan awon a garin nan, Kamaru ake aikawa. Da safe ake ɗibar jinin, kafin hantsi, don lokacin ne sinadarin ke da yawa a jiki. In ka ɗiba da yamma, lafiyayye ma zai fito kamar marar lafiya. Na ɗiba, aka tace, muka sa shi cikin kula mai ƙanƙara. Na farko ya lalace, mota ta daɗe a gadar Ngeli ta kan iyaka, ƙanƙarar ta narke. Muka sake. Sakamako ya dawo bayan makonni, aka sake na biyu don a tabbatar, sannan likita ya rubuta masa ordonans, takardar magani ke nan. Ni na riƙa yi masa allurar, muna kuma duba kaurin jininsa lokaci lokaci, don tana sa jini ya yi kauri. Bayan wata takwas ya shigo yana washe baki, ya ciro reza daga aljihu ya nuna mini. Ya zo in koya masa yadda ake aske gemu.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce 1994, da aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Magani ya yi tsadar da talaka ya daina shiga farmasi. Sai kasuwa ta cika da na jaka. Ana tsallako da kwalabe daga Kuseri ta Kamaru a cikin kwali, a ƙasan buhun albasa, a ɗaurin zane, rana ta gasa su, wasu ma mai ne zalla aka ɗura aka liƙa takarda. Mutum ya sayo ya kawo mana a leda ya ce a yi masa. Majo ya kafa doka: ba ordonans, ba allura. Mutane suka watse mana, suka koma wurin masu sokawa a bayan rumfa. Muka yi watanni muna zaune muna korar ƙuda, ni har na fara tunanin komawa sayar da goro. Abin da ya dawo mana da su ƙurji ne. Akwai wani direban babbar mota da aka kawo a kwance a bayan amalanke, ɗuwawunsa ya kumbura ya yi sheƙi. Da Majo ya sa wuƙa, mugunya ta cika ƙaramin kwano. Mako shida ina wanke ramin ina cusa bandeji, kullum yana zagin wanda ya soke shi, kullum kuma yana tambayata ko in ya warke zan ƙarasa masa sauran kwalaben.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in idon Majo ya yi rauni, ya koma ƙauyensu ya bar mini wurin. Bayan shekarar dubu biyu sai ga sabon salo, matasa masu kilando, wato acaɓa, da ke haɗiyar tiramol don su jure zaman babur. Ƙwayar tana kashe sinadarin maza, sai saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ya zo yana kukan tsoho. In ce masa ya bar ƙwaya, ya ce in dai yi masa allura. Na riƙe dokar Majo kam. Na kori alhazai, na kori soja, na kori limamin da nake bi salla. Mutum ɗaya ne na kasa kora, kuma saboda shi nake ba ku wannan labarin.

Ina da ƙanwa, Rabi, autarmu. Babanmu ya rasu tana ƙarama, don haka ni na ba da aurenta ga Lawali, wani ɗan kasuwar atamfa daga wajen Gumel, mai shigo da kaya ta Ngeli. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Mijin ƙanwa surukinka ne, balle kai ka tsaya a matsayin uba. Lawali bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kiran sunana ba. In ya hango ni sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ni ma ba na tsawaita magana da shi. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa Rabi murya ba. Shekara uku da aurensu ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, dangi kuma sun fara ƙus-ƙus.

Wata safiya ya shigo, ya jira kowa ya fita, ya durƙusa ya ajiye kwali a gefen teburina, da wata takarda da wani mai kemis ya rubuta masa a Maiduguri, ba hatimi ba sunan likita.

"Yaya, na ƙarin ƙarfi ne," ya ce, yana kallon siminti. "Tafiye-tafiye sun yi mini yawa. An ce duk mako uku."

Na juya kwalin na karanta. Testosteron ne, kuma mai kyau, ba jabu ba. Tambayar Majo ta faɗo mini a rai. Amma in tambayi Lawali ko yana neman haihuwa, ai ɗakin ƙanwata na leƙa. In ce masa wannan zai kashe maka ƙwayoyin haihuwa, sai na ambaci maraina da maniyyi a gaban surukina. Kunya ta rufe ni. Na ce a raina in na ƙi, bayan rumfa zai tafi su yi masa ƙurji. Na ce guda ɗaya ko biyu ba za su yi komai ba, shi ma kunya za ta hana shi dawowa. Na nuna masa gado. Ya kwanta ya juya fuska bango, na yi masa, ya yi godiya ya fita.

Ya dawo bayan mako uku. Ya sake dawowa. Wuyansa ya yi kauri, ƙuraje suka feso masa a baya, fuskarsa ta saki, har ya aiko wa matata turmin atamfa. Kowace allura ta ƙara ɗaure mini baki, don in na yi magana a ta biyar sai na faɗi dalilin da ya sa na yi shiru a huɗun farko. Haka muka yi wata goma sha shida.

A cikin watannin nan Rabi ce ke shan wuya. Ba irin rubutun da ba ta sha ba, ba irin sassaƙen da ba a dafa mata ba, hayaƙi kuwa har tufafinta suka riƙe warinsa. Ni da hannuna na rubuta mata takarda zuwa wurin likitan mata. Aka yi mata hoton mahaifa, irin wanda ake ɗura ruwa ta ƙasa, ta kwana biyu ba ta miƙe daidai ba. Aka ce lafiyarta ƙalau, a turo mijin. Ba wanda ya tura shi. Wa zai kalli Lawali, yadda ya murje, ya ce shi ne da matsala? Sau uku tana zuwa ɗakin allurar nan, ta zauna a kan gadon da mijinta ke kwanciya, ta yi kuka ta ce, "Yaya, kai da ka san asibiti, me ke jikina?" Ni kuma in ce ta yi haƙuri, haihuwa ta Allah ce. Na san abin da nake yi, kuma na ji ƙyamar kaina, amma ban buɗe baki ba.

Sai uwar Lawali ta aiko daga Nijeriya cewa in Babbar Salla ta zo ba labari, ya sallami 'yar mutane. Hankalin Innarmu ya tashi. Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta ce ita ta gano abin: gishiri ne ya tare wa yarinya hanya, kuma akwai wata tsohuwa a Walia da ke yanke shi. Wataƙila ba ku san yankan gishiri ba. Aska ake sawa a tsaga mace ta gabanta, a makance, wai a buɗe hanya. Na ga matan da aka yi wa a asibiti. Wasu jini ya ƙare musu, wasu askar ta huda mafitsara suka koma yoyon fitsari har abada. Aka sa ranar Asabar da safe.

Na je gida na yi faɗa. Na ce kashe ta za su yi.

"To kawo naka maganin," in ji Gwaggo. "Asibitinku sun ce ba su ga komai ba. Mu zauna mu naɗe hannu a sako mana ita?"

Inna ta ce, "Sale, mu ma an yi wa na gabanmu, ga su nan sun haihu."

Na juya wurin Rabi, na ce ke fa, kin yarda? Ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce, "Yaya, kalas, ya isa haka, na gaji. Ko mutuwa zan yi a yi. In shiga taron suna mata su riƙa ɗauke 'ya'yansu daga kusa da ni?"

Ranar Alhamis ce ranar allurar Lawali. Ya zo kamar kullum, ya kwanta ya juya fuska bango. Na ɗauki kwalbar, na murza ta a hannu har ta yi ɗumi, na kasa ɓalle ta. Na lura a haka ne kawai zan iya yi masa magana, yana kallon bango ina kallon ƙeyarsa.

Na ce, "Lawali, kada ka juyo. Zan faɗi maganar da ba ta dace da bakina ba. Allurar nan ita ce ta hana ku haihuwa. Muddin ana yi maka ita, jikinka ba ya yin ƙwayoyin da ke zama ɗa. Rabi ba ta da gishiri, ba ta da komai."

Na ci gaba, na faɗi duk abin da Majo ya koya mini, da sunan kowace gaɓa. Da na gama ya gyara wandonsa, ya tashi zaune. Ranar ce ya fara kallon tsakiyar idona tun da na san shi.

"Ni don haihuwar na saye ta," ya ce. "Mai kemis ya ce tana ƙara ƙarfin iri. Yaya, tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Tun ranar farko," ya maimaita. Ya sa takalminsa a gabana, abin da bai taɓa yi ba, ya fita bai yi sallama ba.

Juma'a ta wuce ban ji ɗuriyarsa ba. Sirrin marar lafiya ne, ba ni da ikon kai shi gaban Inna ba da yardarsa ba, amma na ƙudura in ya ƙi, zan tsaya a bakin ƙofa ko da za a ce na haukace. Asabar da sassafe na isa gidan Inna. Gwaggo ta riga ta yafa mayafi, Rabi tana zaune a tabarma da ƙullin tsummokin tare jini a gefenta. Sai na tarar da Lawali durƙushe a tsakar gida. Ashe ya riga ni.

"Inna, ba inda za a kai ta," yake cewa. "Matsalar daga gare ni take. Wani magani nake karɓa, shi ya jawo. Ga Yaya nan, shi yake yi mini, ku tambaye shi."

Ban taɓa ganin namijin da ya yi ta maza irin ta Lawali a safiyar nan ba. Ya faɗi haka a gaban uwar matarsa. Duk suka juyo suna kallona. Na tsaya a tsakar gidan da aka haife ni na yi bayani, Inna ta rufe fuska da gefen zane, Gwaggo tana ta salati. Rabi ba ta yi kuka ba. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Ran da na zo maka daga hoton nan, ina tafiya ina dafa bango, ka sani?"

Na ce na sani.

"Da za su kai ni Walia fa, da bai yi magana ba?"

Na ce da na tare ƙofa. Ta dube ni, ta ɗauki ƙullin tsummokinta ta shige ɗaki.

Sauran aiki ne, kuma aikin bai zo da sauƙi ba. Na kai Lawali wurin likita da ƙafata. Aka auna maniyyinsa, ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba. Aka tsayar da allurar, kuma ku riƙe wannan: wanda ya daɗe a kanta, in ya bari, sai ya fi da lalacewa kafin jikinsa ya farfaɗo. Lawali ya yi watanni ba ya iya tsallaka gada ya je kasuwa. Jiki ya mutu, rai ya ɓaci, abu kaɗan ya fusata shi, sha'awa ta ɗauke gaba ɗaya. Sau biyu yana sayo kwalba ya ɓoye, Rabi tana ganowa tana jefawa a masai. Da aka bincika gajiyar da ta kai shi kemis tun farko, sai aka ga suga ne ya fara taɓa shi. Aka ɗora shi a kan magani, ya bar shayin nan mai kauri na bayan kowace salla, tumbinsa ya sauka. Bayan watanni aka ɗebi jininsa da safe har sau biyu, sinadarin nasa na kansa ya dawo daidai. Dama can bai taɓa rasa shi ba. Shi ya rubuta wa uwarsa da hannunsa cewa ba zai saki kowa ba. Me ya hana su haihuwa a shekara ukun farko, wannan ban sani ba, likita ma bai ce ya sani ba. Abin da na sani, shekara ɗaya da rabi bayan allurar ƙarshe Rabi ta samu ciki.

Mace ta haifa, daga baya ta ƙara maza biyu. Ni na yi wa ta farin huɗuba. Lawali ya koma tuɓe mini takalmi, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Rabi ma tana gaishe ni, tana aiko mini da abincin salla, ranar da matata ta kwanta asibiti ita ta yi jinyarta. Maganar ba ta sake tasowa tsakaninmu ba.

Gidansu yana bayan wurin nan, layi biyu kawai. Yara kuwa kun san su da zazzaɓi, damina ba ta wucewa sai an rubuta wa ɗayansu allura. Ina zaune a bakin ƙofar nan nakan gan ta ta fito da yaro a kafaɗa, jikinsa ya yi zafi, ta gaishe ni, in amsa, ta tari kilando ta tafi can wani wuri a ƙetaren kasuwa, wurin wani yaro da ni na koya masa riƙe sirinji. 'Ya'yanta uku, har suka girma, ba wanda ta taɓa bari na soka wa allura. Ban taɓa tambayarta dalili ba.